Kafin ka tambayi yaro abin da ke damunsa

Shekara shida na yi ina koyarwa a ƙaramar sakandare kafin in koma jami'a neman digiri na biyu a fannin ilimin halayyar yara da makaranta. Wata yarinya ce ta mai da ni. A zangon farko a layin gaba take zama, tana ɗaga hannu tun ban gama tambaya ba. Kafin zango na uku ya ƙare ta koma can jikin bango, ta daina magana, littafin aikinta ya zama fari fat. A takardar sakamakonta na rubuta cewa ta yi sanyi, ta ƙara himma. Iyakar abin da na iya ke nan a lokacin. Har ta bar makarantar ban taɓa zaunar da ita na ce mata me ya faru ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Da lokacin zaɓen batun kundin digiri ya zo, na shiga ofishin malamar da aka ba ni ta duba aikina da taken da na ɗauka ya yi nauyi: lafiyar ƙwaƙwalwar matasa a makarantu. Ta karanta, ta ajiye takardar, ta ce, "Wannan ai kogi kika kawo mini. Je ki ɗebo abin da hannunki zai iya ɗauka." Ta ba ni wata guda in yi karatu kawai, ba rubutu.

A wannan watan na fara ganin girman abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli suna farawa ne kafin yaro ya wuce shekara 14. Wato daidai shekarun yaran da nake tsayawa gabansu kullum da alli a hannu. Amma aikin da ya fi tsaya mini shi ne na Emmy Werner, wadda ita da abokan aikinta suka bi rayuwar yara 698 da aka haifa a shekarar 1955 a tsibirin Kauai na jihar Hawayi, tun suna jarirai har suka kai shekara 40. Kusan kashi ɗaya cikin uku na yaran sun taso ne cikin talauci, ko rigimar gida, ko rashin lafiyar iyaye. Cikin waɗannan da aka yi wa tsoron lalacewa, kashi ɗaya cikin uku sun girma sun zama mutanen kirki masu riƙe kansu. Da aka duba abin da suka yi tarayya a kai, ɗaya daga cikin abubuwan da suka yi ta fitowa shi ne kowannensu ya sami aƙalla babban mutum guda da ya damu da shi: kaka, ko yaya, ko maƙwabci, ko malami. Da na karanta wannan sai da na rufe littafin na yi shiru, domin yarinyar nan ta jikin bango ce ta faɗo mini.

Niyyata ta farko ita ce in shirya wa ɗalibai wani horo na natsuwa da tattara hankali, in gwada su kafin horon da bayansa. Malamata ba ta ce a'a ba. Ta dai miƙo mini sakamakon wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya mai suna MYRIAD, wanda masana na Jami'ar Oxford suka jagoranta, aka fitar da sakamakonsa a 2022. Makarantu sama da 80 da ɗalibai sama da 8,000 ne suka shiga, aka ba wasu irin wannan horon, aka bar wasu da darussan da suka saba. A ƙarshe horon bai fi darussan da aka saba amfani ga lafiyar yaran ba, kuma da yawa cikinsu ko a gida ba su yi atisayen ba. Wannan ya sanyaya mini gwiwa, amma ya yi mini amfani. Abu yana iya yin kyau a ido, mai yin sa yana da niyya tagari, ya kuma tashi bai tsinana wa yaro komai ba. Sai na sauka daga neman gyara zuwa neman sani: shin akwai alaƙa tsakanin yadda yaro yake jin cewa shi ɗan makarantarsa ne, ana yi da shi, da irin damuwar da yake ɗauke da ita?

Ma'auni biyu na zaɓa. Na farko takardar tambayoyi ce da ake kira SDQ, wadda likitan ƙwaƙwalwar yara Robert Goodman ya fitar a 1997. Jimloli 25 ne a cikinta, an kasa su gida biyar: damuwar zuci, halin rashin ji, rashin natsuwa, matsala da tsara, sai kuma halin taimakon mutane. Yaro mai shekara 11 zuwa sama yana iya cike ta da kansa. A kan kowace jimla zai nuna ko ba haka ba ne, ko haka ne kaɗan, ko haka ne sosai, bisa yadda ya ji a wata shida da suka wuce. Ana haɗa makin gida huɗu na farko, ya kama daga 0 zuwa 40. Na biyu ma'aunin Carol Goodenow ne na 1993, mai jimloli 18, da ke auna yadda ɗalibi yake jin yana da gurbi a makarantarsa. Ɗaya daga cikin jimlolin tana tambayar ko akwai aƙalla malami guda, ko wani babba a makarantar, da yaro zai iya kai wa kukansa in yana da matsala. Saboda wannan jimlar na zaɓe shi.

Daga nan sai kwamitin ɗa'ar bincike, wanda yake duba ko bincike zai cutar da mutanen da za a yi shi a kansu kafin ya ba da izini, kuma nan ne na fi daɗewa.

Na cike takardunsu cikin kwana uku, ina ganin ai ba allura zan yi wa kowa ba, ba magani zan ba kowa ba, tambayoyi ne kawai a takarda. Bayan makonni aka dawo mini da su. Gyare-gyaren da yawa ƙanana ne, amma akwai tambaya guda da aka ja wa layi: idan yaro ya bayyana cewa ana cutar da shi, ko yana tunanin cutar da kansa, me za ki yi, wa za ki gaya wa, kuma cikin awa nawa? A tsarina na rubuta cewa ba za a sa suna a takarda ba sam, ina alfahari da hakan a matsayin kare sirri. Kwamitin ya nuna mini ramin da ke ciki. In babu suna babu lamba, na buɗe takarda na ga yaro yana kuka da rayuwarsa, ta ina zan gane shi cikin ɗaruruwan yara?

Na ji zafin jinkirin, ba zan ɓoye ba, don zango yana tafiya. Na kai wa malamata ƙorafi. Ta ce, "Zauna. Ke za ki je ki ƙwanƙwasa ƙofar da wataƙila ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa wa yaron nan. In ya buɗe, ba ki da ikon ki juya ki tafi da takardarki." Sannan ta tuna mini inda waɗannan ƙa'idoji suka samo asali: Dokar Nuremberg ta 1947 da aka shimfiɗa bayan ta'asar da likitocin 'yan Nazi suka yi wa fursunoni da sunan gwaji, da Sanarwar Helsinki ta 1964 kan yadda za a kare mutanen da ake bincike a kansu. Ta ƙara da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989, wadda sashe na 12 nata ya ba yaro haƙƙin a saurari ra'ayinsa a kan abin da ya shafe shi. Shi ya sa sa hannun uba ko uwa kaɗai ba ya wadatarwa. Iyaye za su ba da izini, amma shi ma yaron sai an tambaye shi, kuma in ya ce ba ya so, magana ta ƙare ko da iyayensa sun yarda.

Na sake tsarin daga tushe. Kowace takarda za ta ɗauki lamba maimakon suna. Jerin da ya haɗa lamba da suna zai zauna a kulle, daban da takardun, ni da malamata kaɗai muka san inda yake. Zan duba duk takardun a ranar da aka cike su kafin in kwanta, ba sai ranar shigar da su kwamfuta ba. Kowace makaranta sai ta nuna mini malamin ba da shawara da zai karɓi yaro in buƙata ta taso, kuma sai na zauna da shi tukuna mun yi magana ido da ido. Makaranta guda na cire daga jerina saboda ba ta da wanda zai yi wannan aiki. Na kuma rubuta, kalma bayan kalma, abin da zan faɗa wa yaran game da iyakar sirri. A karo na biyu kwamitin ya amince.

Shiga makarantu ya ɗauki haƙuri. Shugabanni sun karɓe ni hannu biyu, sai dai takardun izinin iyaye ne suka riƙa dawowa ɗaiɗai. Wasu sun ɓace a jakar yara, wasu an mai do su ba sa hannu. Wani uba ya kira lambar da na sa a ƙasan takardar, muryarsa a sama: "Malama, so kuke ku ce ɗana yana da taɓin hankali?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ko kusa. Wannan takarda ba ta gano ciwo, ba ta kuma sa wa yaro suna. Duk 'yan ajin ake tambaya, don mu san yadda makaranta za ta fi kula da su." Mun yi kusan rabin awa a waya. Bai yarda ba a ƙarshe, na kuma yi masa godiya da gaske, domin kiran nasa ya nuna mini cewa kalmar da na sa a takardar ce ta tsorata shi. Mutane da yawa in suka ji lafiyar ƙwaƙwalwa, hauka ce take zo musu. Na nemi izinin kwamiti na sauya lafazin zuwa walwala da kwanciyar hankalin ɗalibai, na ƙara bayani a sauƙaƙe.

Kafin babban aikin na yi ɗan gwaji da yara kaɗan daga wata makaranta dabam. Ma'aunin Goodenow sai da aka fassara shi zuwa harshen da yaran suka fi ji, ta hanyar da aka saba: mutum ɗaya ya fassara, wani da bai taɓa ganin asalin ba ya mai da fassarar zuwa harshen farko, sannan a ɗora biyun a ga inda ma'ana ta zame. Duk da haka yaran ne suka kama abin da mu manya muka tsallake. Na sa su karanta kowace jimla su gaya mini da bakinsu abin da suka fahimta. Jimlar da ke nufin ana mutunta ni, wasu sun ɗauke ta da ma'anar ana jin tsorona. Jimlolin da aka juya, waɗanda amsar "haka ne" take nufin akasin sauran, sun rikita ƙananan cikinsu. Muka gyara abin da za a iya gyarawa, sauran kuma na ƙudura zan riƙa karanta su da ƙarfi a aji, a hankali.

Ranar farko a aji, malamin ajin ya ja kujera ya zauna a gaba da niyyar taimaka mini wajen tsawatarwa. Na matsa kusa da shi na ce, "Malam, don Allah a yi mini alfarma a ba mu wuri. Akwai tambayoyi a kan malamai, ba za su sake ba in kana nan." Ya fahimta, ya fita. Na raba yaran yadda wani ba zai leƙa takardar wani ba. Waɗanda iyayensu ba su sa hannu ba, da waɗanda su da kansu suka ƙi, na ba su wata takardar wasan kalmomi mai kama da ta sauran, don kada a gane wa ya shiga wa bai shiga ba. Sannan na karanta musu abin da na rubuta: wannan ba jarrabawa ba ce, babu amsar daidai babu ta kuskure, malamanku da iyayenku ba za su ga abin da kuka rubuta ba, kuma duk wanda ya gaji yana iya ajiyewa. Sai na dakata, na ce su ɗago su dube ni. Na ce abu ɗaya ne ba zan iya riƙewa ni kaɗai ba: in na ga alamar ana cutar da ɗayanku, ko yana cikin haɗari, zan nemi babban da zai taimaka, amma sai na fara gaya wa mai takardar.

A mako na biyu abin ya faru. Da dare ina bin takardun ranar ɗaya bayan ɗaya, na juya bayan wata, na ga rubutu da fensir, ƙanana ƙanana, a wurin da ba a tambayi komai ba. Layi uku ne. Ba zan maimaita su ba. Sun nuna yaro ne da wasu 'yan ajinsu suka daɗe suna cin zalinsa, ya kai inda yake ganin da babu shi da ya fi. Hannuna ya yi rawa. Abin da ya riƙe ni a daren shi ne ba sai na ƙirƙiri komai ba, duk matakan suna rubuce tun watanni. Na kira malamata a daren. Da sassafe muka buɗe jerin lambobin, kafin a shiga darasin farko ina ofishin malamin ba da shawara.

Aka kira yaron ta hanyar da ba za ta ja ido ba. Da ya gan ni ya gane. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Anti, ai kin ce ba wanda zai gani." Na ce, "Na ce haka, na kuma ce in na ga kana cikin haɗari zan nemo mai taimako, kuma kai zan fara gaya wa. Shi ne na zo. Ban nuna wa kowa takardarka ba. Ka yi daidai da ka rubuta." Ya yi shiru mai tsawo. Sannan ya tambaya ko za a gaya wa waɗanda suke dukansa cewa shi ya kai ƙara. Tsoronsa ke nan, ba mu ba. Malamin ya yi masa bayanin yadda za a bi da lamarin ba tare da an ambaci sunansa ba, da yadda za a yi magana da iyayensa, da cewa za a haɗa shi da ma'aikacin lafiya. Daga nan aikin ya bar hannuna, kamar yadda tsarin ya tanada. Ni mai bincike ce, ba mai yi masa magani ba, kuma tsayawa a wannan iyakar ya yi mini wuya fiye da yadda na zata.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa ya rubuta a bayan takardar, bayan ya ji gargaɗina da kunnensa. Abin da na fi karkata gare shi shi ne ya rubuta ne saboda ya ji shi.

Sauran aikin na tebur ne. Na shigar da amsoshin cikin SPSS, wata manhajar kwamfuta ta lissafin bincike, sau biyu, na gwama don kama kuskuren yatsa. Na juya makin jimlolin da aka juya, na yanke yadda zan yi da takardun da aka bar wasu gurabe, na duba ko jimlolin kowane ma'auni suna tafiya tare ta hanyar lissafin alfa na Cronbach, wanda aka saba so ya kai 0.7. Abin da ya fito bai saɓa wa abin da masu bincike da dama suka riga suka gani ba: yaran da suka fi jin suna da gurbi a makaranta sun fi ƙarancin damuwa, kuma waɗanda suka ce ba su da babba ko ɗaya da za su kai wa kuka sun fi taruwa a ɓangaren maki mai yawa a ma'aunin damuwa.

Ranar kare kundin, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya tsaya a kan jimla guda a babi na biyar, inda na rubuta cewa kusanci da malami yana rage damuwa. Ya ce, "Ta yaya kika san ba damuwar ce take sa yaro ya janye daga malamai ba?" Gaskiyarsa. Sau ɗaya na auna yaran, a rana ɗaya, don haka abin da nake da shi alaƙa ce, ba sanadi ba. Kafin a ce wannan ne ya haifar da wancan, sai an bi yara shekara da shekaru kamar yadda Werner ta yi, ko a yi gwaji irin na MYRIAD. Na gyara jimlar. Na kuma ƙara wani abu da ya dame ni tun ranar da uban nan ya kira: yaran da ba a sa musu hannu ba, da waɗanda ba sa zuwa makaranta a kai a kai, ba su cikin lissafina, kuma mai yiwuwa a cikinsu ne masu nauyin zuciya suka fi yawa.

Na yi wa makarantun alkawarin zan dawo, na kuma dawo. Na taƙaita sakamakon a shafi biyu ba tare da kalmomin lissafi ba, na gabatar wa malamai a ɗakinsu, na yi wa ɗalibai nasu bayanin dabam. Wata shugabar makaranta, da kyakkyawar niyya, ta ce in ba ta sunayen yaran da makinsu ya yi sama don ta sa musu ido. Na ce, "Ranki ya daɗe, na yi musu alkawari. Kuma maki mai yawa ba ya nufin yaro yana da ciwo, manuniya ce kawai." Ba ta ji daɗi ba da farko. Sai wani malamin lissafi da bai ce uffan ba tun da aka fara ya kawo shawara: a kafe jerin sunayen duk ɗaliban aji a ɗakin malamai, kowane malami ya sa alama a gaban yaron da ya san wani abu game da shi bayan makin jarrabawarsa, ko da sunan ƙaninsa ne ko wasan da yake so. Aka yi hakan a makon. Wasu sunaye suka cika da alamomi. Wasu kuwa, aka bi layi har ƙarshe babu ko ɗigo. Malaman suka tsaya gaban takardar ba mai magana, sannan suka fara raba sunayen nan a tsakaninsu.

Ina fita daga ɗakin na hangi yaron nan a bakin ofishin malamin ba da shawara, yana jiran a gama da wani. Ban nufe shi ba, don kada abokansa su tambaye shi inda ya san ni. Shi ne ya ɗago hannu kaɗan, daidai ƙirjinsa, na mai da masa, na wuce zuwa ƙofa.